Itatuwan da Ba Su da Lamba

New Bell, Duwala
14 ga Fabrairu, 1954

Zuwa ga Baffa Salmanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ce Hapsatu, 'yar marigayi Ɗantani mai sassaƙe, wanda kakanku ɗaya da shi. Wataƙila ba za ka tuna fuskata ba, domin ranar da ka zo ta'aziyya a bayan ƙyaure na tsaya. Inna tana gaishe ka. Ta fita takaba, tarin da take yi kuma ya yi sauƙi.

Ka yi haƙuri da rubutuna. A lekol, makarantar boko, Faransanci aka koya mana, Hausar nan ni kaɗai nake haɗa baƙaƙenta.

Baffa, ranar Litinin Inna ta koma babbar kasuwa karo na farko tun rasuwar Baba. Ba ta gama shimfiɗa buhu ba sai ga gardin daji biyu, masu tsaron kurmi na gwamnati. Suka kwashe sassaƙen rawayan kurmi duka, wanda ake jiƙawa don zazzaɓi da shawara, ragowar na ƙarshe da Baba ya yanko da hannunsa. Suka ce an fitar da takarda: ba wanda zai ƙara yankan ɓawo a kurmin Yassa, domin masu sassaƙe suna kashe itatuwa. Suka ce binciken Misye Garno ne ya nuna haka, Baturen da kake yi wa aiki.

Da suka tafi, Ɓoɓɓo mai magani da ke kusa da ita ya kira sunanta a gaban mutane, ya ce, "Mijinki ne ya jawo mana! Shekara bakwai yana gaba Bature yana baya, wannan sunansa kaza, wancan maganin kaza. Shi ya kashe itacen, shi kuma ya kai ƙara." Inna ta tashi. Ta naɗe buhunta ta dawo gida, tun ranar ba ta sake fita ba.

Yanzu idan na je ɗiban ruwa mata sukan yi shiru. Wata ta ce mini 'yar mai kashe itace, tana dariya, wai wasa take yi.

Ina roƙonka ka gaya mini gaskiya. Abin da takardar ta ce ke nan? Baba yakan ce Misye Garno abokinsa ne. Ni ban taɓa ganin itace ya mutu a hannun Baba ba.

'Yarka,
Hapsatu


Yawunde
1 ga Maris, 1954

Zuwa ga 'yata Hapsatu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai ƙafar nan da ke damuna idan na daɗe a tsaye. Na tuna ki sarai. Ki gaida Innarki, ki ce mata Allah ya ƙara haƙuri. Rubutunki kuma ba abin ba da haƙuri ba ne.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Ni ne nake matse wa Misye ganye a cikin tsofaffin jaridu, ni nake riƙe littafin awo, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi da idona. A shekarar 1946 muka shafa wa rawayan kurmi tamanin jan fenti a Yassa, kowanne da lambarsa. Mahaifinki ne ya nemo mana su ɗaya bayan ɗaya, in ba don shi ba da goma ma ba mu samu ba. Kowace shekara muna komawa mu auna kaurinsu, mu rubuta wanda aka yanka da wanda ba a taɓa ba. A shekara bakwai an yanki ɓawon goma sha tara. Duka goma sha taran sun bushe. Cikin sauran sittin da ɗaya, biyu kawai iska ta kayar.

Wannan shi ne abin da ya rubuta, bai ƙara ba, bai rage ba. Bai kira sunan kowa da laifi ba. Sunan mahaifinki yana shafin farko, wurin godiya, a sama da nawa ma. Rubutun ya yi nisa, 'yata. Abokan aikinsa a Gabon da Abijan sun nemi kwafinsa, wani malami ya rubuto daga Faransa yana so a auna nasu itatuwan haka. Da ofishin daji ya ga lissafin, sai ya fitar da dokar.

Na san da ciwo. Amma mutumin nan na san shi, ba ya rubuta abin da bai auna ba. Mahaifinki mutumin kirki ne, sai dai itace ba ya mutuwa a ranar da aka yanke shi, yana iya bushewa bayan shekara biyu mai yankan bai sani ba.

Ki rabu da Ɓoɓɓo, bakinsa haka yake tun muna samari. Shawarata Innarki ta koma sayar da kanwa da citta, waɗanda babu doka a kansu.

Baffanki,
Salmanu


New Bell, Duwala
11 ga Maris, 1954

Zuwa ga Baffa Salmanu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya ba ƙafarka sauƙi. Inna ta ce ka riƙa gasa ta da ruwan ɗumi.

Baffa, ba gardama nake yi da kai ba, Allah ya tsare ni. Na karanta wasiƙarka sau da yawa, kuma akwai abin da na kasa haɗiyewa. Goma sha taran nan, babu ko ɗaya da Baba ya yanka. Baba bai taɓa sa wuƙa a itace mai jan fenti ba.

Na san haka domin tun ina shekara takwas nake binsa idan ba lekol, ni ce mai ɗaukar ƙwaryar yumɓu. Wata rana na gaji, na nuna masa wani babba a bakin hanya mai lamba talatin da shida, na ce, "Baba, ga wannan kusa." Ya tsaya ya dube ni ya ce, "Wannan na abokina ne, yana karatu a kansa. Idan malaminku ya bar littafinsa a buɗe, za ki yagi shafi?" Muka ƙara tafiya, muka ƙetare rafi. A can itatuwan Baba suke. Ashirin da uku ne, ba su da lamba.

Ga yadda yake yi. Yana yankan tsiri ɗaya a tsaye, faɗin yatsu huɗu, tsawon kamu ɗaya, kuma wuƙar ba ta shiga cikin itacen. Ba ya zagaye jikin itace ko da mai saye yana jira. Sai ya shafe wurin da yumɓu, ya rufe da ganye ya ɗaure. Ba ya komawa wannan itacen sai damina uku ta wuce, idan ya koma kuma ɗaya gefen yake yanka. Akwai wanda ya yanka sau biyar, yana nan da ganyensa.

Masu jan fentin da suka bushe, na ga wasunsu. An feɗe su ne zagaye, tun daga ƙasa har inda hannu ya kai. Suna bakin hanya, fentin ma yana nuna wa kowa ga rawayan kurmi. Baba yakan wuce su yana salati. Na tambaye shi me ya sa ba zai gaya wa Misye ba. Ya ce idan ya faɗa za a tambaye shi su wane ne, shi kuwa ba zai kai sunan kowa gaban Bature ba.

To ka ga littafinku babu aikin Baba a ciki ko kaɗan. Ban ce lissafin ƙarya ne ba. Na ce ba a auna nasa ba.

Don Allah ka gaya wa Misye ya zo ya gani. Kai za ka faɗa, ni ba zan iya ba. Ko a lekol idan aka ce in tashi in karanta muryata ɗaukewa take yi.

'Yarka,
Hapsatu


New Bell, Duwala
22 ga Afrilu, 1954

Zuwa ga Baffa Salmanu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Mako shida ke nan. Kowace Laraba ina zuwa shagon Alhaji Yusufa inda wasiƙun unguwa suke sauka, har yanzu da ya hango ni yake girgiza kai.

Idan maganata ce ta ɓata maka rai, na tuba. Inna ta ce ba a gaya wa babba littafinsa bai cika ba, ta ce na yi rashin kunya. Wataƙila haka ne. Amma ka karanta wannan kafin ka ajiye ta.

Wani kamfanin katako ya shiga ƙetaren rafi. Dokar ta tsare gefen da ke da fenti ne kawai. Ba rawayan kurmi suke nema ba, manyan itatuwa suke so, amma suna share hanyar kamiyo, babbar motar kaya, duk abin da ke gaba sai ya faɗi. Wani direba ya gaya wa Inna. Ranar Lahadi na matsa mata muka hau kamiyon gawayi muka je. Baffa, na ƙirga. Saura goma sha ɗaya. Wanda Baba ya yanka sau biyar yana kwance a cikin laka.

Shugaban masu saran ya ga muna tsaye ya ce da turancin kasuwa, "Mami, wuna di fain weti?" wato me muke nema. Inna ta taɓa ni in yi masa bayani da Faransanci. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ya jira, ya ɗaga kafaɗa, ya koma wurin aikinsa. Duk hanyar dawowa Inna ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Idan suka gama da goma sha ɗayan nan, ba abin da zai rage sai maganata, ni kuwa ba wanda zai ji. Sunan Baba zai tsaya yadda Ɓoɓɓo ya faɗe shi.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka,
Hapsatu


Yawunde
17 ga Mayu, 1954

Zuwa ga 'yata Hapsatu,

Wa alaikumus salam, barka da shan ruwa. Ban yi fushi ba, ko kaɗan. Tun takwas ga Maris muka tafi rangadi kurmin gabas, bayan Abong-Mbang, inda wasiƙa ba ta zuwa. Shekaranjiya muka dawo na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, ɗaya kan ɗaya. Na karanta ta biyun kafin ta farko, na rasa inda zan sa kaina.

Da safe na kai wa Misye, na fassara masa layi layi. Da na zo wurin littafin malami da shafin da ba a yaga ba, ya ce in sake. Na sake. Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce, "Shekara bakwai ina tambayarsa sunan kowane ganye. Ban taɓa ce masa ya nuna mini yadda yake yanka ba."

Ni ma da nawa laifin. Na sha ganin mahaifinki yana ƙetare rafin nan idan mun tashi daga awo. Na ɗauka neman abincinsa ne, bai shafi aiki ba. Littafin yana hannuna, babu gurbin rubuta wannan, ni kuma ban buɗe gurbin ba.

Misye ya buga waya Duwala a tsayar da saran, ban san ko za su ji ba. Zai iso da jirgin ƙasa ranar tara ga Yuni, bayan Sallah, ya zo da mota ƙofar gidanku.

Yanzu ga abin da ba za ki so ba. Ni ba zan zo ba. Ƙafar ta kumbura a rangadi, likita ya tsaga ta, ya ce wata guda ba tafiya. Misye ba ya jin Hausa sai sannu da na gode, Innarki kuma ba ta jin Faransanci. Ba tafinta sai ke. Ba na so a nemo wani daga ofis wanda bai taɓa riƙe ƙwaryar yumɓu ba.

Ba sai kin kalli fuskarsa ba. Ki kalli itacen, ki faɗi abin da kika rubuto mini.

Baffanki,
Salmanu


New Bell, Duwala
20 ga Yuni, 1954

Zuwa ga Baffa Salmanu,

Assalamu alaikum, da fatan an yi Sallah lafiya, ƙafa kuma tana warkewa. Mu lafiya lau, sai ruwan sama da ya shiga ɗakin girki. Misye ya ce zai wuce Edeya kafin ya dawo wurinku, shi ya sa na ce bari in riga shi ba ka labari.

Ya zo ranar da ka ce. Yara suka kewaye motar. Muka tafi Yassa, ni da Inna a baya. Da muka ƙetare rafi na ƙirga, saura huɗu. Wayar ta iso, amma sai da suka kai hanyarsu inda suke so.

Na tsaya a gaban na farko. Ya ce, "Montre-moi," wato in nuna masa. Na ɗora yatsuna huɗu a kan tabon. Tabon ya rufe, ɓawo ya haɗu daga gefe da gefe, sai ɗan layi a tsakiya. Na ce masa wannan na shekarar da na shiga aji biyu ne. Na zagaya na nuna ɗaya gefen. Daga nan ban san lokacin da maganar ta yi ta fitowa ba, kalmar yumɓu kawai na rasa da Faransanci, sai na ɗebo daga bakin rafi na nuna masa.

Ya auna huɗun. Sannan ya shiga laka har gwiwa wurin waɗanda aka kayar, ya sa direbansa ya yanko zagayayyen yanki kamar faifai daga jikin guda shida. A cikin faifan ana ganin inda aka taɓa yanka da yadda itacen ya ci gaba da kauri a kansa. Ya ɗaga ɗaya yana kallo, ya ce wannan yana da rai sarai ranar da aka sare shi.

Da za mu dawo ya tambaye ni me nake so. Na ce Inna za a tambaya. Inna ta ce, "Ce masa a kasuwa aka faɗa, a kasuwa za a janye."

Washegari ya zo layin masu magani, ya tsaya a cikin ruwa da faifan a hannu. Mutane suka taru. Yana faɗa ina mayarwa da Hausa. Wata ta ce, "Ɗaga murya, 'yar nan, ba mu ji!" Na ɗaga. Ya ce itatuwan da suka mutu ba Ɗantani ya yanke su ba. Ya ce Ɗantani bai taɓa kai masa sunan kowa ba. Ya ce fentinsa ne ya nuna wa masu feɗewa hanya, kuma kuskuren rubutun nasa ne, zai rubuta wa Gabon da Abijan da Faransa ya gaya musu. Ɓoɓɓo ya karɓi faifan ya juya shi, ya sa farce a tabon. Ya ce, "Hannun Ɗantani ne, kowa ya san hannunsa. To Bature ya ba da haƙuri, sai ya ba mu kurminmu."

Na mayar wa Misye da Faransanci. Nan ne abin ya yi nauyi, Baffa. Ya ce dokar ba za ta tashi yanzu ba. Ofis ba ya janye doka saboda itace huɗu da faifai shida, sai an auna daga farko, ana yanka ana rubutawa, shekara biyar. Mutane suka yi gunaguni suka watse. Ɓoɓɓo ya yi tsaki, amma da Inna ta zo wucewa ya janye buhunsa ya bar mata wurinta na da. Yanzu kanwa da citta take sayarwa, kamar yadda ka ce.

Misye ya zaɓi goma cikin masu jan fenti, ya ce a yanke su yadda Baba yake yi. Ya samo takardar izinin yanka da sunana. Na ce masa Baba ba ya taɓa masu fenti. Ya ce ya sani, shi ya sa yake roƙo. Inna idonta ba ya gani sosai, Ɓoɓɓo bai taɓa koyon irin wannan yankan ba. Ni kuma sau biyu kawai Baba ya taɓa ba ni wuƙa, yana riƙe da hannuna.

Ranar Talata na yanki na farko, mai lamba goma sha biyu. Yankan bai tafi daidai ba. A sama faɗin yatsu huɗu ne daidai, a ƙasa ya kusa biyar, kuma a wuri ɗaya wuƙar ta ɗan shiga itacen. Na shafe shi da yumɓu sau biyu. Na gaya wa Misye, ya rubuta yadda yake. Sauran taran sun fi kyau.

Amma Baffa, idan mai lamba goma sha biyu ya bushe, a littafinku za a rubuta cewa yankan Ɗantani ya kashe ɗaya cikin goma, alhali hannuna ne. Ruwa yana wanke yumɓun. Kowace Lahadi za mu riƙa komawa ni da Inna in sake shafawa. Yau mun je, ganyensa yana nan kore.

Ka sa shi a addu'a.

'Yarka,
Hapsatu